Yadda Ake Tara Wuƙaƙen Farauta na Gargajiya da Gwada Su da Juna

Wuƙar farauta ta farko da na mallaka, da hannuna na lalata ta. Ƙanen kakana ne ya ba ni ita a wani ƙauye kusa da Argungu, baƙa ƙirin, ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi. Ni kuwa da ƙuruciya na ɗauka datti ne, na kai ta wurin mai injin wasa a kasuwa ya goge ta tas. Na komo da ita ina washe baki. Tsohon ya juya ta sau biyu a tafin hannunsa, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, wagga ba yuƙata ba ta." Bai ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar nake tara wuƙaƙe, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan da asara na koye shi.

Kayan da za ka tanada

Ba kayan tsada ba ne. Na farko, littafi mai bango mai kauri da fensir. Shi ne uban tafiyar, za ka ga dalili a gaba. Sai tef ɗin tela ko rula, da ƙaramin sikeli mai auna giram. Idan ba ka da sikeli, mai sayar da kayan awo a unguwa zai auna maka, ba sai ka saya ba. Ka nemi ƙaramin magagari mai haƙora ƙanana, da tocila mai haske sosai (ta waya ma ta isa), da guntun maganaɗisu, wanda za ka iya cirowa daga tsohuwar sifikar rediyo.

Na gyara kuwa: man keken ɗinki, tsummoki masu laushi na auduga, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace, soson ƙarfe mafi laushi da za ka samu, da ɗan kakin zuma. Sai guntayen kwali da zare na rataya lamba, da akwati mai kwado. Sanfefa da injin wasa ba sa cikin lissafi. Idan kana da su, ka ajiye su nesa.

1. Ka tsai da abin da kake tarawa

Wanda ya shiga kasuwa ba da niyya ba, duk wuƙar da ya gani sai ta burge shi, bayan wata shida ya tarar da kwando cike da wuƙaƙen yankan albasa. Zaɓi hanya ɗaya. Ko ka tara na yanki guda, misali ƙasar Argungu da Arewa ta wajen Kangiwa, ko Yawuri, ko Zuru, ko Gummi da Anka. Ko ka tara iri guda daga wurare daban-daban, misali wuƙar fiɗa kaɗai. Ko kuma aikin gidan maƙera guda, na uba da na ɗa da na jika. Wannan ta ukun ta fi daɗi a wurina, domin a nan ne kake ganin yadda hannu yake sauyawa alhali siffar ba ta sauya ba.

Wuƙa biyar da ka san asalinsu sun fi hamsin da ba ka san inda suka fito ba.

2. Ka san wuƙar kafin ka nemi ta saya

Sassanta kaɗan ne: ruwa, wato ƙarfen kansa, kaifi, baya, tsini, wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, ƙotar, sai kube. Mu nan yuƙa muke cewa, kuma idan ka shiga ƙauye kana faɗin haka, bakin mutane ya fi saurin buɗewa.

Maharbi ba wuƙa ɗaya yake riƙewa ba. Akwai ta yanka da fiɗa, gajera mai ciki, kaifi ɗaya, wadda bakinta ya lanƙwasa don ya bi fata ba tare da ya huda ta ba. Akwai doguwa mai tsini, sau da yawa kaifi biyu, ta suka da kare kai idan dabba ta juyo. Akwai barho, babba mai nauyi, mai iya saran ƙashi da reshe. Akwai wuƙar damtse, wadda kubenta ke da zobe na fata da ake zura hannu a ciki, ƙotar na kallon ƙasa don a zaro ta da ɗaya hannun. Irin wannan da yawa daga wajen Buzaye take shigowa ta kan iyakar Nijar, ta Kamba da Kangiwa, kuma ana gane ta da adon tagulla da ƙota mai kama da gicciye. Adda da gariyo da barandami duk kayan daji ne, amma ba wuƙa ba ne, kada ka cakuɗa su a lissafi.

A Kabi akwai tarko guda: wuƙar masunta da ta mahauta suna kama da ta fiɗa. Ba laifi ba ne ka tara su, amma ka rubuta sunansu na gaskiya.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi abu biyu. Ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu, ka tsaya gaban tsofaffin makaman da ke ciki, masu da takubba da sauransu, ka ƙare wa launin tsohon ƙarfe kallo. Sannan ka samu maƙera ka zauna yini guda. Ka ga yadda ake zuga gawayin ƙirya, yadda masaba ke barin sawu a jikin ƙarfe, yadda ake ban-ruwa, wato tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa don ya yi tauri. Wanda bai taɓa ganin an ƙera wuƙa ba, ba zai iya bambance sawun masaba da sawun inji ba, ko da ya karanta littafi goma.

3. Inda ake samu, da yadda ake shiga

Kasuwannin mako su ne farkon zuwa, layin maƙera da na dukawa da na 'yan koli. Jega da Kamba da Talata Mafara duk ana samun sababbin ƙira masu kyau. Tsofaffi kuwa ba kasafai suke zuwa kasuwa ba, suna cikin burgame a ɗakunan tsofaffin maharba, ko a hannun magada da ba su gaji sana'ar ba.

Gidan maharbi ba a faɗa masa kai tsaye. Ka bi ta hannun Sarkin Baka ko Sarkin Dawa na garin, ko Sarkin Maƙera, ko mai unguwa. Ka tafi da goro. Zuwan farko gaisuwa ce kawai da hira. Ka ce, "Ranka shi daɗe, tarihin sana'ar nika son sani," ka bar shi ya yi ta ba ka labarin gada da gyado da dazuzzukan da yanzu sun zama gonaki. Shi da kansa zai tashi ya ɗauko kayan. Ko ya ɗauko, kada ka miƙa hannu sai ya miƙo maka, kada ka zare ta daga kube sai ka nemi izini, kada kuma ka tsallaka kayansa idan ya shimfiɗa su a ƙasa. Wasu wuƙaƙen suna da layu a ɗinke a kube, masu su kuma suna da abin da suka yarda da shi a kansu. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, a gidansa kake.

Idan ya ce ta kakansa ce, ba ya sayarwa, shi ke nan. Ka nemi izinin ɗaukar hoto da awo, ka shigar a littafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na littafina wuƙaƙe ne da ba nawa ba, kuma da su nake gwada nawa.

Lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, 'yan kasuwa kan zo da wuƙaƙe masu kube ja da kore da tuntaye. Na tsaraba ne. Suna da kyau a bango, amma mafi yawansu ba a yi musu ban-ruwa ba, ba su taɓa ganin daji ba.

Idan tsohuwa ta gagara, sa maƙeri ya ƙera maka irin ta ubansa. Amma kada ka je masa gab da faɗuwar damina, lokacin da garma da fartanya suka yi masa yawa. Bari sai an yi kaka.

4. Duba ta kafin ka biya

A nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa, don haka zan daɗe.

Fara da kube tun ba ka zare ba. Dubi ɗinkin. Tsohon aiki da siririyar fata ko jijiya ko zaren auduga ake yinsa. Idan ka ga zaren roba mai sheƙi, ko busasshen gam a gefe, kuben sabo ne, ko an yi masa gyara kwanan nan. Dubi launi. Jan karan dafi yana dusashewa ya koma ja mai duhu, ba ya ɗaukar ido kamar rinin kanti. Dubi bakin kube, inda wuƙa ke shiga da fita: wanda aka yi shekaru ana aiki da shi, wurin ya cinye, ya yi laushi, ya yi baƙi da maiƙon hannu.

Yanzu zare ta a hankali, kaifin na kallon waje. Ta fito salin-alin ta koma ta zauna daram? Idan tana rawa a ciki, ko sai an danna da ƙarfi, to auren dole aka yi musu, kuben wata ne aka ba wata. Ba ya hana saye, domin kube ya fi ruwa saurin mutuwa, kuma maharbi kan sauya kube sau biyu ko uku a kan wuƙa ɗaya. Amma ya kamata kuɗin ya sauka.

Riƙe ruwan daidai idonka kamar mai saita bindiga, ka kalle shi daga ƙota zuwa tsini. Ɗan karkata kaɗan ba komai, aikin hannu ne. Murɗewa kuwa aibi ce. Sai ka haska tocila a kwance, hasken na bin jikin ƙarfen. Sawun masaba zai fito kamar ƙananan kwari da tudu marasa tsari. Sawun inji layuka ne sirara, a jere, duk sun fuskanci waje guda. Da wannan hasken kuma za ka ga tsaga, musamman a bakin kaifi da inda ruwa ya haɗu da ƙota.

Rataya ta da zare ko ka riƙe ƙarshen ƙota da yatsu biyu, ka ƙwanƙwasa bayanta da ƙusa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai ɗan tsawo. Idan ka ji "ƙwas" ta mutu nan take, ko akwai tsaga, ko ƙotar ta saki.

Gwajin magagari sai da izinin mai ita. Ka taɓa kaifin kusa da ƙota, sau ɗaya, a hankali. Idan magagarin ya zame bai kama ba, ƙarfen ya sha ban-ruwa sosai. Idan ya ci ya bar sawu, ƙarfen mai taushi ne. Kada ka yi saurin raina mai taushi. Kafin tarkacen ƙarfen Turawa ya wadata, da tama ake narkewa a yi ƙira, kuma irin wannan ƙarfe sau da yawa bai kai na yanzu tauri ba. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, motoci suka biyo baya, daga nan maƙera suka koma ga sifirin mota da tsofaffin magagarai da sauran tarkace. Wuƙar da aka yi da sifirin tana da tauri da ƙara mai daɗi. Wadda aka yi da tsohon magagari, idan ka duba da kyau kusa da ƙota, wani lokaci za ka ga ragowar haƙoransa. Ta tama kuwa takan nuna siraran layukan baƙi a cikin naman ƙarfen, kamar zaren itace. Idan mai ita ya hana gwajin magagari, kada ka ja, ka wadatu da ƙara da ido.

Maganaɗisun na kayan adon ne. Tagulla da jan ƙarfe da sanholo ba sa kama shi. Idan zoben da aka ce tagulla ne ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi.

Sai ƙota. Ƙirya da marke da kanya suna da nauyi, suna yin santsi da duhu idan sun daɗe a hannu. Akwai ta ƙaho, akwai wadda aka naɗe da fata. Girgiza ta kusa da kunne. Duba ko akwai ƙananan huji da garin itace, alamar ƙwaro na ciki. Abin da na fi dubawa shi ne inda ta cinye: tsohuwar ƙota tana lotsawa a mazaunin babban yatsa da na manuni, har kana iya gane ko bahago ne mai ita.

Gargaɗi guda a nan. Kada ka gwada kaifin tsohuwar wuƙa da yatsa. Maharba na shafa wa kibiya dafin kwankwani, kuma wuƙa da kibau sukan kwana a burgame ɗaya. Ko babu dafi, raunin ƙarfe mai datti yana iya jawo ciwon sarƙewar haƙora. Idan ta yanke ka, wanke da ruwa da sabulu, ka je asibiti a duba maganar allura. Gwajin kaifi da takarda ake yi.

5. Tsufan ƙarya

An taɓa yi mini. Wani dillali ya kawo mini doguwar wuƙa mai tsatsa tun daga tsini har ƙota, ya ce ta zamanin yaƙe-yaƙen Kabi ce. Na biya ba ciniki, don kada wani ya riga ni. Da na isa gida na shafa mai, tsatsar ta bi tsumma gaba ɗaya, sai ga layukan inji a ƙasa suna kallona.

Masu wannan sana'a suna binne sabuwar wuƙa a ƙasa mai laima, ko su jiƙa ta da ruwan gishiri ko ruwan batir, su turara ƙota da hayaƙi. Ana gane su da cewa tsufan ya yi daidai ko'ina. Tsufan gaske ba ya yin adalci: kaifi ya sirance saboda wasa, cikin ruwan ya ɗan shige, baya ya yi duhu, gindin ƙota ya tara baƙi, tsakiyarta ta yi haske. Tsatsar ƙarya ja ce mai gari, ta gaske baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, a manne, ba ta bin tsumma. Ka shinshina ma. Ƙotar da aka turara tana warin hayaƙi, tana baƙanta yatsa. Kuma duk labarin da ya cika daɗi, wuƙar sarki kaza, ta kashe zaki kaza, ka saurara da ladabi, amma ƙarfen za ka biya.

6. Ciniki, doka da hanya

Da ɗan kasuwa, ciniki kamar na kowane kaya ne, ka taya, ya ce albarka, ku daidaita. Da tsoho a gidansa ba haka ba ne. Ka bar shi ya faɗa, ko ka sa wanda ya kawo ka ya shiga tsakani, kuma a yi a gaban wani daga cikin 'ya'yansa. Kayan gado ne, wata rana wani zai zo ya ce an saye na ubansu a ɓoye.

Akwai doka da da yawa ba su sani ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa kayan aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta taƙaita saye da sayar da su, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje sai da izinin hukumar. Saboda haka idan ka ci karo da wadda da gaske ta kai wannan shekaru, ka auna, ka ɗauki hoto, ka tuntuɓi ma'aikatan gidan tarihi. Ƙotar hauren giwa kuwa kada ka taɓa, cinikinsa haramun ne a doka. Haka kube na sabuwar fatar kada ko mesa, ni ba na saye.

Sannan halin da ake ciki. Kowa ya san yadda tsaro yake a Zamfara da wasu sassan Kabi. Kada ka sayi wuƙa a hannun wanda ba a san shi ba, ba ka san abin da ta aikata ba. Kada ka shiga ƙauyen daji don neman wuƙa, ba ta kai ranka ba. Idan za ka yi tafiya da ita, naɗe ta a tsumma, ɗaure, sa a ƙasan jaka cikin but ɗin mota, ba a jikinka ba. Ka riƙe 'yar takardar shaida daga mai sayarwa ko Sarkin Maƙera, da littafinka. A shingen bincike kai za ka fara faɗa kafin a gani. Kuma kada ka ɗauki fiye da biyu a tafiya ɗaya.

7. Rubuta tun ranar

Kada ka kwana ba ka rubuta ba. Ba wa wuƙar lamba, ka rubuta a kwali ka ɗaura da zare, ba a jikin ƙarfe ko fata ba. A littafi, shafi guda na kowace wuƙa: rana, gari, hannun wa ta fito, wa ya ƙera idan an sani, da me aka ƙera, wane aiki take yi, da sunan da mai ita yake kiranta. Abin da aka faɗa maka ka rubuta "an ce", abin da idonka ya gani ka rubuta shi daban. Bayan shekara goma ba za ka tuna wanne ne wanne ba.

Sai awo: tsawonta duka, tsawon ruwa, faɗinsa a inda ya fi faɗi, kaurin baya a gindi da kusa da tsini, nauyi da kube da babu kube. Idan ba ka da abin auna kauri irin na makanikai, ka kafa rula a bayan wuƙar ka ɗauki hoto kusa. Daga ƙarshe ka kwantar da ita a shafin ka zagaye ta da fensir. Wannan zanen ya fi hoto amfani, don girmansa girman wuƙar ne.

8. Tsaftacewa

Ƙa'idar ita ce a tsai da lalacewa, ba a mai da ita sabuwa ba. Kaɗe ƙura da buroshi. Ɗiga man keke a ruwan, ka bar shi ya kwana. Da safe ka goge da tsumma. Inda jar tsatsa ta ƙi fita, ka bi ta da tsinken sakace, in ta ƙi, da soson ƙarfe mai laushi da mai, a hankali, kana bin tsawon ruwan. Da zarar ja ya tafi baƙi ya rage, tsaya. Wannan baƙin shi ne shekarun wuƙar, kuma shi ke kare ƙarfen.

Kada ka yi amfani da man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo da wari, su kira ƙwari. Kada ka jiƙa ta a lemun tsami ko ruwan tsamiya, suna cin ƙarfe su bar shi fari fat mai ƙuraje. Idan babu man keke, sabon man inji kaɗan ya fi babu, amma kada ya taɓa fata. Ƙota da kube, ɗan kakin zuma a tsumma ya isa. Idan babu, man kaɗe kamar ƙwayar gero. Fatar da ta sha mai da yawa tana yin baƙi ta saki ɗinki. Kuben da ya yage ka kai wa baduku ya ɗinke da fata irin ta da, ka tsaya a kansa, in ba haka ba zai yi maka gwaninta ya sa sabon rini. Laya kuwa a bar ta a ɗinke.

9. Gwada su da juna

Sai ka tara uku ko huɗu iri ɗaya sannan wannan mataki yake da ma'ana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye barho kusa da wuƙar fiɗa a ce wacce ta fi. Kamar a ce jaki da doki wa ya fi ne. Fiɗa da fiɗa, ta suka da ta suka.

Shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa mai haske, ka jera su, gindin ruwansu a kan layi ɗaya. Fara da siffa: ina cikin ya fi faɗi, ina tsinin ya faɗa, a tsakiya ko sama ko ƙasa. Ka ɗora zanen fensir na wannan a kan na waccan a jikin taga, bambancin da ido bai kama ba zai fito.

Sai kauri. Maƙerin da ya iya yana sirantar da ruwa daga gindi zuwa tsini da masaba, don nauyi ya zauna kusa da hannu. Wadda aka yanko daga farantin ƙarfe aka wasa, kaurinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma a hannu kamar matacciya take. Ɗora kowace a kan yatsa ka nemi inda take tsayawa ba ta rinjaya ba, ka auna nisan wurin daga bakin ƙota, ka rubuta. Ta fiɗa mai kyau takan tsaya kusa da bakin ƙota. Barho yana rinjaya gaba, haka ake so, don sara.

Ina da biyu na fiɗa da tsawonsu ya kusa zama ɗaya, ɗaya daga wajen Yawuri, ɗaya daga wajen Gummi. A hoto kamar tagwaye. A sikeli ta Gummi ta fi nauyi, amma a hannu ita ce mara nauyi, domin maƙerin ya bar kaurin a gindi ya janye gaba. Na daɗe ban gane dalili ba sai da na auna bayansu a wuri uku.

Gwajin yanka na sababbi ne kawai, ko waɗanda ka sa aka ƙera maka. Ka wasa su a dutse ɗaya, ka yanka igiyar rama iri ɗaya, kana ƙirgawa har kowace ta daina yanka takarda sumul. Tsofaffi ba a sa su wannan wahala. Idan kana son sanin aikinsu, ka kai wa tsohon maharbi ko mahauci ya riƙe. Kafin ya buɗe baki, yadda ya juya wuyan hannunsa zai gaya maka wacce ya zaɓa. Ka rubuta abin da ya ce, ko da ya saɓa da naka.

Kada ka yi gaggawar cewa "ƙirar Zuru haka take" don ka ga guda biyu. Maƙera suna ƙaura, maharba suna yawo, wuƙa tana canja hannu a caca da kyauta da jingina. Garin da ka saya ba lallai ne garin da aka ƙera ba, shi ya sa a littafina gurbi biyu ne daban.

10. Ajiya

Kada ka bar wuƙa a cikin kubenta wata da watanni. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, kuma idan bagaruwa ta haɗu da ƙarfe da laima, baƙi take yi tana cin ƙarfen. Da wannan haɗin ne ma dukawa ke samun baƙin kuloko a fata. Ka shafa wa ruwan mai kaɗan, ka naɗe a tsumman auduga, kuben a gefensa da lamba iri ɗaya. Ka zura ɗan kwali mai siffar ruwan a cikin kuben don kada ya tsuke. Leda ba ta da kyau, tana riƙe gumi.

Akwatin ya hau kan benci ko bulo, kada ya jingina da bango saboda gara. Ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Idan babu, gawayi busasshe a cikin tsumma, ana sauyawa. Damina tsatsa da fumfuna take kawowa, hunturu kuma yana busar da fata ya tsaga ƙota, don haka sau biyu a shekara nake buɗewa gaba ɗaya: farkon ruwa, da lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Cikin watan Agusta kuwa duk mako biyu nake leƙawa.

Kwado dole ne idan akwai yara a gida, makullin kuma ba a kan ƙusa bayan ƙofa ba, nan ne farkon inda suke dubawa. Littafin kada ya kwana a akwati ɗaya da wuƙaƙen, mai yana ratsa takarda ya cinye rubutu. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye maka.